Ƙara wa mota ƙarfi: ka taɓa kalkilata da kanka ko ka biya mai sana'a?

Assalamu alaikum mutanen Damagaram da masu kallonmu daga ko'ina. Yau maganar reprog za mu yi, wato ƙara wa injin mota ƙarfi ta kwamfuta, don samari sun dame ni da tambaya wai mutum zai iya sayen kebul ya yi abinsa a ƙofar gida, ko dole sai ya nemi wanda aikinsa kenan ya biya shi.

To leƙa ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwarka, za ka ga wani ɗan soket mai rami 16, shi ne OBD2. Amurka ta wajabta shi tun 1996, a Turai motocin esansi suka samu a 2001, na gazawal suka biyo baya wajen 2004, shi ya sa kusan duk motar da ta sauka Kwatano aka hawo da ita nan tana da shi. Nan makanike ke jona waliz ɗinsa, na'urar gano matsalar mota, in wutar injin ta kama a dashbod, kuma ta nan ake shiga kalkilata, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Cikin kalkilatar nan lambobi ne jere, mai nawa za a fesa, yaushe buji zai ba da wuta, iska nawa turbo zai tura. Reprog ba komai ba ne illa canza lambobin nan. Kamfani da gangan yake rage wa injin ƙarfi, don mota ɗaya ce zai sayar a ƙasar ƙanƙara ya sayar a Sahara, ga mai marar kyau ga masu mantawa da bidanji, sai ya bar rata. Wannan ratar ce mai reprog ke ci, ita ce kuma ke kare injinka ranar da abubuwa suka haɗu.

Kafin mu yi nisa, in motarka ba turbo, irin Corolla ko Camry, kada wani ya ci kuɗinka, 'yan dawakin da za ta ƙara, da doki ake auna ƙarfin inji, ko a ƙafa ba za ka ji ba. Land Cruiser mai injin 1HZ kuwa ba ta ma da abin da za a jona, famfonta ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Masu turbo ne ke da labari, Golf 7 GTI daga kamfani doki 220 take, da reprog kaɗai ana kai ta kusa da 300, abin da ake kira stage 1 kenan, ba a kwance ko noti ɗaya ba.

Yanzu mai son yi da kansa. Zai sayi na'urar rubutu a kalkilata, KESS ɗin jabu na Chana, don na asalin na kamfanin Alientech ne a Italiya kuma tsada gare shi, sai wani ya turo masa fayil na sababbin lambobi a guruf ɗin WhatsApp ya ce wallahi an gwada. An gwada a ina? Yawancin fayilolin nan a Turai aka rubuta su, da man da oktan ɗinsa, wato jurewarsa ga matsi, 98 ne, da iska mai sanyi. Kai kuma a watan Afrilu za ka taka ta a hanyar Mirriya rana tsaka zafi ya haura 40, tankinka rabi na gidan mai ne, rabi na kwalbar 'yan ruwa-ruwa wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya. Ko matatar SORAZ da ke nan kusa da mu tun 2011 ba ta hana mutane shan na kwalba ba, ai kun sani.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, iskar ta yi zafi, turbo ya matse ta ta ƙara zafi, fayil ɗin kuma ya sa buji ba da wuta da wuri, sai sauran man da ke cikin silinda ya fashe da kansa kafin wutar ta iso shi. Za ka ji wata ƙara siririya kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, wani lokacin ma ba za ka ji ba don kiɗa na tashi kilim na aiki. Akwai sensa da ke jin ƙarar nan tana sa kalkilata ta ja da baya, amma tana da iyaka, wasu fayilolin ma an rage mata kunne don mota ta ji daɗin ja. Kwance buji ka duba, in ka ga kansa ya yi fari fat da ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikin farin, to fistan ne ya fara zuba, wannan ba maganar gyara da waliz ba ce kuma, sauke inji ne da tafiya Kano neman kaya.

Masu Hilux da V8 na gazawal ku ma ku saurara. Baƙin hayaƙin nan da yara ke tafa wa ba ƙarfi ba ne, gazawal ne da bai ƙone ba, kuma zafin salansa na hawa. Ɗora mata kaya ka kama hanyar Tanut haka, ko turbo ya gaji ko fistan ya tsage.

Sai haɗari na biyu wanda ba ruwansa da tuƙi. Ana cikin rubuta fayil batir ya yi sanyi, ko kwamfutarka ba caji wuta ta ɗauke, ko kebul ɗin jabun ya yanke, shi kenan kalkilata ta mutu, ka murɗa makulli shiru, sai an cire ta an buɗe a kan tebur, wani lokaci sai an sayi wata an haɗa ta da makullin motar.

To mai sana'a fa, me kake saya a wurinsa? Awo kake saya, Alhaji. Mai aikin gaskiya ba zai taɓa lamba ko ɗaya ba sai ya hau motar da kai, kwamfuta a cinya, ka taka a giya ta 3 ko ta 4 tun daga ƙasa har sama yana naɗar abin da injin ke yi, zafin iskar da ke shiga, matsin turbo, ko kalkilata na ja da baya a wata silinda. Yana duba haɗin iska da mai, a tafiyar yau da kullum 14.7 ne na iska a kan 1 na esansi, amma in turbo ya cika ana son ya sauko wajen 12, don ƙarin man yana sanyaya silinda. Ya canza kaɗan, ku sake fita, ya sake dubawa. In yana da dayno, na'urar da mota ke gudu a kai tana tsaye wuri ɗaya, to madalla, in babu titi ma ya isa in dai ana awon. Akwai ma masu yi daga nesa, ka naɗi awon ka tura ta intanet su gyara fayil su dawo maka da shi.

Amma fa ba duk mai kwamfuta ne mai sana'a ba, wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Wani fayil ɗin guruf ɗin nan zai zuba maka cikin minti kaɗan ya karɓi jikkunanka ya ce an gama. Ka tambaye shi wane mai ya rubuta wa fayil ɗin, ka tambaye shi zai fita awo da rana ko da asuba cikin sanyi, in ya fara cewa doki kaza zai ba ka tun bai buɗe bonet ba, ka yi masa sallama cikin mutunci. Ni a ganina gara wanda zai ce maka doki 270 za ka samu maimakon 300 saboda zafinmu da manmu.

Abin da ya kamata ka yi da hannunka yana nan da yawa. Sayi ɗan ELM327, ƙaramar na'urar da ake jonawa a soket ɗin OBD2, arha ne, ka haɗa da wayarka ka koyi karanta motarka, karantawa ba ta ɓata komai. Canza filtar iska, don ƙurar hunturu ta gama da ita, wanke radiyato da intakula mai sanyaya iskar turbo, sa buji sabo, ka duba kuloci da birki da taya ko za su ɗauki ƙarin ƙarfin. Rubutu a cikin kalkilata kuwa, sai dai in kana da tsohuwar motar koyo da kuɗin wani injin a ajiye. Kuma ko wa zai yi aikin, kafin ya rubuta komai ya kwafo fayil ɗin asali na motar ya zuba maka a filas ɗinka ka tafi da shi gida, don ranar da za ka sayar da ita ko ta fara wasa, da shi za a mayar da ita yadda kamfani ya yi ta.