ISFJ: Mutumin Da Ke Riƙe Gida, Da Inda Kara Ke Cutar Da Shi

Assalamu alaikum masu kallo. Kusan kowane dangi a Kaduna akwai mutum guda, mace ko namiji, da ake nema in abu ya taso. In za a yi suna a Tudun Wada, ita ce ta san wa ya kawo gudummawa bara, da wanda aka manta ba a gaya masa ba har ya yi fushi. In an kwantar da Baba, shi ne mai jinya, katin asibiti na aljihunsa, ya san maganin safe ya san na dare. Masu nazarin halayya suna kiran irin wannan mutum ISFJ.

Sunan ya fito ne daga ma'aunin Myers-Briggs, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a Amurka, bisa littafin da Carl Jung ya fitar a 1921. Ma'aunin ya kasa mutane gida 16, kowanne da haruffa huɗu. A ISFJ, harafin I na nuna taro yana gajiyar da shi ko da yana son mutanen, sai ya keɓe yake farfaɗowa. S, ya fi yarda da abin da ya gani da idonsa. F, kafin ya yanke shawara sai ya auna wa za ta taɓa. J kuma, yana son tsari da cika lokaci. Amma a kula, wannan ba gwajin likita ba ne. Masana da yawa suna sukar sa, domin mutum kan sake gwajin ya sami wasu haruffan daban. Kada a hana wani aure ko aiki da shi.

Babban ƙarfinsa shi ne riƙe abin da ya wuce, yana gwada na yau da na jiya. Daga nan riƙon al'adarsa ya samo asali. Gaisuwar Sallah, ziyarar Juma'a, yadda ake rabon naman layya, duk ya ga amfaninsu, shi ya sa in ka zo da sabon tsari zai tambaye ka me ya sami na da. Kada ka ɗauka taurin kai ne. Sanar da shi da wuri, nuna masa inda aka gwada aka ci riba, a canza abu ɗaya a lokaci guda.

Inda matsalar take, kara ce. In mace ce, ana ɗora mata girkin biki, ana ƙara mata riƙon kuɗin adashi, ga ɗan ƙanwa da aka kawo karatu daga ƙauye, amsarta ɗaya ce: "Ba komai." Alhali akwai komai. Wannan riƙon da ke tuna ranar sunan kowa, shi ne kuma ke ajiye duk ranar da ba a gode ba. Abin yana taruwa shekara da shekaru, sai wata rana a kan ƙaramin abu ta fashe, ko ta daina ɗaga waya, dangi su yi ta mamaki. Kafin a kai nan akwai alama: in gajiya ta yi yawa sai ta shiga hasashen mugun abu. Yaro ya yi lattin minti ashirin daga islamiyya, zuciyarta ta riga ta kai asibiti.

In kai ne mai wannan hali, daina amsawa nan take. Ce, "Bari in duba, zan gaya maka gobe." Ware kuɗin gudummawa tun farkon wata, in sun ƙare sun ƙare. In an ɓata maka, faɗa cikin kwana ɗaya ko biyu, magana guda, kada ka tono na shekara biyar.

Ku kuma 'yan uwa, nauyin ya fi yawa a kanku. Kada ku tambaya ko tana son taimako, za ta ce a'a. Ku ce, "Yaya, ni zan kwana asibiti Talata da Alhamis, ki je ki huta." In za ku gode, ku ambaci abin da ta yi da sunansa. In gyara ne, ku ja ta gefe, domin gyara a gaban mutane yakan daɗe yana cin ta, kuma ba za ta faɗa muku ba.