Ƙanƙara a Watan Yuni: Hirar Dutsen Tubkal

Rabi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba dogon sharhi, kun san abin da ya tara mu. Tun ranar Talata wayata ba ta huta ba saboda bidiyon nan na Yaya Habibu.

Isufu: Har Damagaram ya kai. Ƙanen matata ne ya turo mini, ya ce wai wannan ba abokin aikinka ba ne yake tafiya cikin ƙanƙara?

Rabi: Rabin masu saurarenmu sun rantse na'ura ce ta haɗa hoton. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce, a Afirka, a watan Yuni? Haba. To ga shi nan a zaune, ya yi muku bayani da bakinsa.

Habibu: Wallahi ba na'ura. Ƙafata ce, kuma har yanzu gwiwata tana ba ni labari. Maroko ce, Dutsen Tubkal, mita 4,167, babu wanda ya kai shi tsawo a duk arewacin Afirka. Ku kwatanta da Chappal Waddi namu na Taraba, mita 2,419.

Isufu: Namu na Nijar, Dutsen Bagzan cikin Ayar, mita 2,022.

Habibu: To ka gani, ko a ninka naku sau biyu, har yanzu da saura. Ni fa ziyara ta kai ni Fas, ban tafi da niyyar hawan dutse ba. Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a can ne ya ja ni. Muka sauka Marrakesh, zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu, don su lokacin da muke damina su rani suke. Ruwansu da sanyi yake zuwa. Ka ɗaga kai daga cikin garin, can nesa sai ka hango fari-fari a kan duwatsu. Tafiyar awa ɗaya da rabi a mota, ka bi ta Asni, sai ga ka a Imlil. Daga nan mota ta gama aikinta.

Rabi: Sai ƙafa.

Habibu: Sai ƙafa da alfadari. Kuma ba ka hawa kai kaɗai, dole sai da jagora mai lasisi. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido a ƙarshen 2018 aka tsaurara, akwai shingen jami'ai a hanya, sai ka nuna fasfo.

Isufu: Jakar fa? A bidiyon na ga kamar ka goya buhun gero.

Habibu: Ranar farko alfadari ya ɗauki mai nauyin. Mun yi wajen awa shida muna hawa, muka wuce Sidi Shamharush, wani wuri mai ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, mutanen ƙasar suna zuwa ziyara, suna cewa wurin sarkin aljanu ne. Nan aka sha lemo aka huta. Sai masaukin da ke wajen mita 3,200. A nan aka kwana, in dai za a kira wannan kwana. Kai yana sarawa, zuciya tana bugawa kamar ka yi gudu, alhali kwance kake. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu. Ƙarfe huɗu na dare jagora ya tashe mu, fitila a goshi, kowa ya goya jakarsa. Ba mu yi nisa ba muka shiga wani kwari da rana ba ta cika leƙawa ba, to nan ƙanƙarar take kwance tun hunturu. Da asuba ta daskare kamar siminti, sai mun ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi. Da muka juyo da hantsi kuma ta saki, ka taka ka nutse har ƙwauri. Wannan nutsewar ce kuka gani.

Rabi: Amma da ka dawo ba labarin ƙololuwar ka fara ba mu ba. Gidan da ka sauka ka yi ta magana a kai.

Habibu: Ƙanwata, shi ne labarin. Ƙololuwar minti ashirin muka yi, akwai wani ƙarfe mai siffar dala, aka ɗauki hoto, sanyi ya koro mu. Gidan kuwa kwana uku na yi. Gidan mai alfadarinmu ne, a Arumd, ƙauyen da ke saman Imlil. Da muka sauko ina ta mita a kan ƙanƙarar nan, ta jiƙa mini safa, ta hana mu sauri. Ɗalibin nan ya fassara masa. Dattijon ya tsaya ya dube ni, ya nuna dutsen da hannu, ya nuna gonarsa. Ya ce in ta ƙare da wuri, masararsa ba za ta kai kaka ba.

Isufu: Allahu akbar.

Habibu: Na yi shiru. Don da rani kusan ba a ruwan sama a wurin. Abin da ya zuba a kan dutse da hunturu shi ke narkewa kaɗan-kaɗan, ya gangaro rafi, su tare shi su karkatar cikin 'yan magudanai da suka gina a jikin dutse, suna kiransu targa. Gonakin kuma hawa-hawa ne kamar matakala, wata ba ta fi faɗin wannan ɗakin ba, an yi mata katangar duwatsu da hannu. Kowane gida da lokacinsa na ban ruwa. In layinka ya faɗo tsakar dare, tsakar dare za ka fita da fartanya ka buɗe, ka toshe na maƙwabci. Na ga babban ɗansa ya fita bayan isha'i, bai dawo ba sai da na yi barci. Kamar yadda manomi a wurinmu yake leƙa rumbu ya ƙiyasta ko hatsi zai kai shi damina, haka su suke ɗaga kai su dubi farin da ya rage a kan dutse.

Isufu: Wannan ai Timiya ce kake ba ni labari. Lambunan Ayar, rumman da lemo da dabino a tsakiyar duwatsu. Sai dai mu raƙumi ko sa ke jawo ruwan daga rijiya. Me suke ce wa ruwa?

Habibu: Aman.

Isufu: Aman! Haka Buzaye suke cewa. Wallahi haka.

Habibu: Ai dangi ne. Su harshensu Tashelhit, Buzaye Tamajak, duk tsatson Amazigh. Ƙanƙarar kuma adfel suke ce mata. Shayi kuma atay.

Isufu: To tsaya nan. Shayin nan nasu, kofi nawa?

Rabi: Shi ke nan, an taɓo Malam Isufu.

Habibu: Ba su ƙirga. Kana shanyewa ana ƙara maka.

Isufu: To ba tsari ke nan. Shayi uku ne. Na farko mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai zaƙi. Wanda ya tashi kafin na uku ya raina mai gida.

Habibu: Nasu na'ana'a suke cikawa a buta, ɗanye, sai sukari dunƙule-dunƙule. Su ɗaga butar sama su tsiyayo don ya yi kumfa.

Isufu: Kumfar a wurinmu suka gani.

Habibu: Malam Isufu, ganyen shayin ta wace hanya ya iso Agadas?

Isufu: Ko ta ina ya biyo, a hannunmu ya nuna. A kan gawayi suke dafawa?

Habibu: Gas.

Isufu: Ka ji ko, Rabi? Gas. Shayin da bai ji gawayi ba ai ruwan zafi ne da ganye. Sai ka zauna, ka hura wuta, ka juye daga kofi zuwa buta sau goma, hira ta yi nisa, sannan a sha na farko.

Rabi: Ni dai nawa da madara da burodi, a wajen mai shayin bakin layinmu.

Isufu: Hajiya Rabi, wannan karin kumallo ne, ba shi muke magana ba.

Rabi: To mun ji. Ranar da za ka kawo butarka nan ɗakin, a yi gasar. Yaya Habibu, koma gidan. Matan fa?

Habibu: Nan ne jikina ya yi sanyi. Kafin in idar da sallar asuba uwargidan ta riga ta hura wutar tanderu, tana manna gurasa a jikinsa, irin yadda ake yi a Kano. Saniya ɗaya gare su, a ƙasan gidan take kwana, mutane a sama. 'Yan matan su sauka gona da lauje su yanko ciyawa, su goyo ta a baya, dami ya fi su girma, ba ka ganin komai sai ƙafafu suna hawa dutse. Ni da na biya kuɗi na goya jaka kwana biyu ana ta yi mini sannu, su kullum ne, kan hanyar da ta fi tawa tsayuwa, da takalmin roba. Wata ciyawar a ba saniya, wata a shanya a kan soro don hunturu, saboda in ƙanƙara ta rufe ƙauyen ba kiwo.

Rabi: Kamar harawa.

Habibu: Daidai harawa. Kakar gidan kuma tana zaune bakin ƙofa tana fasa wani ɗan itace mai ƙwarya, cikinsa kamar ƙwaƙwalwa, ɗanɗanonsa tsakanin gyaɗa da kwakwa. Bishiyoyinsa manya ne, sun cika kwarin. Akwai tuffa, akwai ceri, lokacinsa ma na tarar. Amma sha'ir da masara su ne na ci. Kuɗin hannu kuwa alfadarin nan ne. Maigidan ya ce in ƙanƙara ta yi yawa, dabbar ba ta iya kaiwa masauki, sai a sauke kaya mutane su goya sauran hanyar. Wato abin da ke shayar da gonarsa shi ke rage masa kuɗin haya. Ya faɗa yana dariya, ya ce ya yarda da wannan asarar kowace shekara.

Isufu: Awaki fa? Ban ji ka ambaci garke ba.

Habibu: Suna sama. Da zafi ya shigo wasu daga cikin gidan suke hawa da su makiyaya, su zauna a bukkokin dutse da ake kira azib. Kuma Malam, ga abin da zai burge ka. Akwai wani filin kiwo a Ukaimeden, can cikin duwatsun yankin, al'ada ce tun kaka da kakanni, ana rufe shi ba mai shigar da dabba har sai 10 ga Agusta. Ciyawa ta girma ta zubar da iri, sannan a buɗe wa kowa rana ɗaya. Agdal suke kiran tsarin. Ba waya aka kewaye wurin da ita ba, magana ce aka yi aka riƙe.

Isufu: Da burtalolinmu sun samu irin wannan riƙon, da an huta da abubuwa da yawa.

Rabi: Wannan shiri guda ne, kada mu buɗe shi yanzu. Ni girgizar ƙasar nake son tambaya. Yankin ne ko?

Habibu: Shi ne. Daren 8 ga Satumba 2023, lardin Al Hawuz, mutum sama da 2,900 suka rasu. Tun daga hanyar Asni kana ganin gidajen da suka tsage da waɗanda ake sake ginawa. Tsohon masallacin Tinmel ma, na ƙarni na 12, ya rushe. Ban tambayi mutanen gidan ba, don baƙo ba ya tono irin wannan. Uwargidan ce da kanta ta nuna mini tsaga a bangon ɗakin girki, ta ce sun daɗe suna kwana a waje bayan abin, yara sun ƙi shiga ɗaki. Ga kuma fari da ya yi ta bin ƙasar shekara da shekaru. Kun tuna a 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a kada su yi layya saboda dabbobi sun ragu?

Isufu: Na tuna, an yi ta magana a kai a rediyo.

Habibu: To mutumin da ya ga wannan, ka zo kana yi masa ƙorafin safarka ta jiƙe. Ranar da zan tafi ƙaramar 'yarsa ta cika mini aljihun jaka da ceri. Na miƙa kuɗi uban ya ture hannuna, ya ce na haya daban, wannan na gida ne.

Rabi: Allah sarki. To mun yi alkawarin lissafa wa masu son zuwa kayan da za su tanada, ga shi mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mini hannu. Yaya, a gurguje.

Habibu: Takalmi mai ƙarfi wanda ƙafarka ta saba da shi, rigar sanyi, safar hannu, tabarau mai duhu don hasken ƙanƙara yana cin ido. Ƙarafan takalmin ana bayar da haya a Imlil. Ka kwana ɗaya a ƙauyen kafin ka hau, jiki ya saba. In kai ya matsa da ciwo ko amai ya zo, a sauko, kada a yi taurin kai. Sannan alfadarin, kada a lafta masa...

Isufu: Da buta. Da gawayi.

Rabi: Malam Isufu! Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai cewa na'ura ce, Yaya Habibu ya ce ki zo ki duba gwiwar. Sai an jima.