Don Allah kada ku dasa wolnot a jikin katanga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau raina a ɓace yake, kuma bishiya ce sanadi. Ku duba can bayana, ƙetaren shinge. Wolnot ce, bishiyar nan mai 'ya'ya masu kwasfa da ake cin ƙwayarsu, wadda Faransawa ke ce wa nuwa, an dasa ta taku biyu daga katangar gida, an kuma zagaye gindinta da tumatir. A kwarin Isère na Faransa fa muke, inda nuwar Grenoble ta samu kariyar suna tun 1938, inda in ka ɗauki hanyar Vinay ba abin da kake gani hagu da dama sai gonakinta. A nan ne mutum zai yi wannan aika-aika!

'Yan'uwa da yawa sun fara sayen gidaje masu ɗan fili a Faransa da Beljiyam, kuma kowa so yake ya dasa abin da 'ya'ya za su gada. Madalla. Amma wannan bishiya tana kai mita 20 zuwa 25, rassanta su baje fiye da mita 10. Dokar Faransa, sashe na 671 na kundin dokokin farar hula, ta ce bishiyar da za ta wuce mita 2 a tsayi a bar mata mita 2 daga iyakar maƙwabci. Wannan na kotu ne, bai ishi wolnot ba. Ku bar mita 8 zuwa 10 tsakaninta da gini, da bututun ruwa, da kowace babbar bishiya. In filinku bai kai ba, ku haƙura, ku dasa tuffa. Wolnot tana da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa, ba ta son ƙaura, in ta shekara biyar a wuri to ta zauna ke nan.

Shi kuwa tumatirin, wahalar banza ce. Ganyen wolnot da saiwarta da koren ɓawonta suna fitar da wani sinadari, juglon, mai hana wasu tsirrai sakewa. Ya fi ƙarfi a baƙar wolnot ta Amurka, amma ta nan ma tana da shi, ga inuwa mai duhu, ga saiwar da ke shanye ruwa. Tumatir, dankalin turawa, tattasai, gauta, duk ku kai su can wani gefe.

Ga dashen da ya kamata ku saya, bari in matso da shi. Kun ga wannan kumburin a ƙasan kara, kamar tafin hannu ɗaya sama da saiwa? Nan aka yi auren. Duk wanda ya san mangwaro mai aure a gida ya riga ya gane karatun, manomanmu sun daɗe da sanin wannan, ba Bature ne zai koya mana ba. Mai aure wajen yuro 50 ne a gandun renon itatuwa, ba dai arha ba, amma kun san irin da kuka saya. Ƙwallon da kuka binne da kanku sai ya kwana wata uku ko huɗu cikin yashi mai danshi a firji kafin ya tsiro, ya shekara 10 zuwa 15 kafin ya yi 'ya'ya, kuma suna iya fitowa ƙanana masu taurin kwasfa.

Ni irin da ake kira Franquette nake ba mutane shawara in wurin yana da sanyi. Tana jinkirin fitar da ganye, don haka daskarewar dare ta watan Afrilu, wadda ke ƙone toho, yawanci tana wuce ta. Aibinta jinkirin haihuwa, sai wajen shekara 6 zuwa 8. Fernor ta fi ta sauri, kuma ba ta kai ta girma ba. Bishiya ɗaya tana da furen namiji da na mace, iska ke haɗa su, sai dai sau da yawa ba sa buɗewa lokaci ɗaya. A yankin nan ba damuwa, iska cike take da garin fure daga gonaki. In kuna inda babu wata wolnot kusa, ku nemi Fernette ko Meylannaise ta zama abokiyar zama.

Lokacin dashe daga Nuwamba ne zuwa farkon Maris, muddin ƙasa ba ta daskare ba, kuma na Nuwamba ya fi. Ku haƙa rami mai faɗin mita 1 da zurfin santimita 60 zuwa 80, ku cika shi da ruwa ku tafi. In kun dawo washegari ruwan yana kwance, wurin bai yi ba, saiwa za ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, ku ɗauka ƙishi ne ku ƙara ruwa, ku ƙarasa ta. Wannan yana cikin abubuwan da ke kashe ƙananan wolnot a gidaje. In ruwan ya tsane, ku kafa turke tukuna, a ɓangaren da iska ke fitowa, domin in kun buga shi daga baya zai huda saiwa. Ku datse saiwar da ta karye kaɗai, uwar saiwa kada a taɓa ta kuma kada a lanƙwasa ta. Ku gauraya ƙasar sama da bokiti biyu na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji ƙona saiwa yake yi. Wurin auren nan ya tsaya sama da ƙasa, kada a binne shi. A mayar da ƙasa, a taka a hankali, a yi ɗan kwano a gindi, a zuba lita 20 zuwa 30 ko da ana ruwan sama, don ƙasa ta manne wa saiwa. Sai busasshiyar ciyawa a rufe gindin, amma kada ta taɓa kara, da ragar waya saboda zomo da barewa.

Shekara biyu zuwa uku na farko, a watannin zafi, lita 30 zuwa 40 sau ɗaya a mako ya fi ɗan yayyafi kullum. Rage rassa kuma sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Wanda ya yanke reshe a Fabrairu ko Maris zai ga ruwa na tsiyaya kwana da kwanaki, ciwon ya ƙi warkewa.

Tsofaffin nan suna cewa wai kada a yi barci a inuwarta, tana sa ciwon kai. Ni dai da na ga inuwa irin wannan sai in tuna tabarma da shayi bayan la'asar a Maraɗi, su kuwa sun bar ta haka nan ba kowa. Af, masu tambaya ko za a kai iri gida: kada ku ɓata kuɗinku. Tana buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ta farka ta yi fure, hunturun Kano ko Damagaram ba zai ba ta wannan ba. Baƙar nan da ake dafawa ana tallanta a titunan Legas da Ibadan wata aba ce daban, ita yaɗo take yi a jikin itatuwa.

In ta fara haihuwa, abokin gabarku ƙudan ɓawo ne, wanda ya shigo Faransa a 2007. Yana saka ƙwai cikin koren ɓawo a watannin zafi, tsutsa ta cinye shi, ya yi baƙi ya manne wa kwasfa. Ku rataya tarkon gam mai launin rawaya tun Yuli, duk wanda ya faɗo baƙi a kwashe a kai shara, kada a zuba cikin taki, don tsutsar a ƙasa take kwana har baɗi. Masu lafiya kuwa daga ƙarshen Satumba ɓawon ke tsagewa su faɗo da kansu. Ku tsince duk bayan kwana biyu kafin kurege da danshi su riga ku, kuma ku sa safar hannu, in ba haka ba ku yi mako biyu da hannu kamar an yi muku ƙunshi. A wanke, a shanya su jeri ɗaya kan raga a wuri mai iska, ana juyawa, mako biyu zuwa uku. Ku fasa ɗaya ku gwada: in siririn bangon da ke raba ƙwayar ya karye ƙas, sun bushe, a zuba a buhun raga a rataya. In lanƙwashewa ya yi, a ƙara musu kwanaki, don wanda aka ɗaure da sauran danshi fumfuna yake yi.