Sa hannu kafin a yanke hukunci: sakin layin da ke rufe ƙofar ɗaukaka ƙara a Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Manhattan a birnin New York, ga kotun tarayya can a bayana, titin Pearl, ku yi haƙuri da iskar da ke shiga wayar. Maganar yau ta 'yan'uwanmu ce mazauna Amurka, musamman mu na Bronx, 'yan Ghana da Nijar da Najeriya. Allah ya kiyaye, amma idan tsautsayi ya kai mutum gaban alƙali a ƙasar nan, akwai takardar da za a miƙo masa, kuma a cikinta akwai sakin layi ɗaya da ake tsallakewa ba a lura ba.

Shari'ar da muke gani a talabijin, lauyoyi suna ta kai ruwa rana, ba kasafai ake kaiwa can ba. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka da bakinta ta ce kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka samu da laifi a kotunan tarayya amsa laifin suka yi, a kotunan jihohi kuma kashi 94. Ciniki ake yi. Lauyan gwamnati ya ce maka, amsa wannan tuhumar, in janye waccan, in roƙa maka sassauci.

To, a cikin takardar cinikin nan ake cusa cewa ka yafe haƙƙinka na ɗaukaka ƙara. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da ake neman sa hannun. Ranar nan ba a yanke maka komai ba tukuna. Sai ka amsa laifi sannan jami'in kotu zai rubuta rahoto a kanka: tarihinka, ko an taɓa kama ka, yawan kuɗi ko ƙwayar da aka ce ta bi ta hannunka. Bayan watanni alƙali ya zauna ya yi lissafinsa. Idan ya kuskure a lissafin ya ƙara maka shekara biyu, ina za ka kai kuka? Ka riga ka sa hannu. Cinikin biri a sama kenan. Kuma a yawancin yarjejeniyoyin, sassaucin da lauyan gwamnati ya yi alƙawarin nema roƙo ne kawai, ba dole alƙali ya bi ba.

Amma fa ƙofar ba ta rufe ruf ba. Idan hukuncin ya wuce iyakar da doka ta sa wa laifin, ko an duba launin fatarka aka yanke, ko lauyanka ya yi sakaci a cinikin kansa, kotunan ɗaukaka ƙara suna saurara. A 2019, a shari'ar Garza da jihar Idaho, Kotun Ƙoli ta ce in ka umarci lauyanka ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, dole ya shigar, ko da ka sa wa wancan sakin layin hannu. Kwana 14 ne kacal ake da su na shigar da sanarwar a kotun tarayya, ku riƙe wannan.

Mu baƙi namu ya fi nauyi, don bayan gidan yari akwai tasa ƙeya. Jose Padilla ɗan Honduras ne, ya haura shekara 40 da katin zama, har yaƙin Biyetnam ya yi wa Amurka, ya amsa laifin safarar wiwi bayan lauyansa ya ce kada ya damu da batun takardu. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya gaya maka in amsa laifin zai jawo kora.

Kafin alƙali ya karɓi amsarka, doka ta tilasta masa ya tambaye ka ko ka fahimci abin da ka yafe. A nan ne kunyarmu ke cutar da mu, mutum ya yi ta gyaɗa kai don kada a ce bai iya Turanci ba. Nemi tafintan Hausa, haƙƙinka ne tun dokar tafintocin kotun tarayya ta 1978, ba alfarma ba ce. Sannan ka sa lauya ya nuna maka adadin watannin da aka rubuta a sakin layin. A kotun nan ta bayana, galibi sharaɗin shi ne ba za ka ɗaukaka ƙara ba muddin hukuncin bai haura wannan adadin ba, in ya haura kuwa hanyarka a buɗe take.