Fodkas: Hawan jini da ƙiba sun shiga ƙauye, wa ke auna su?

Auwal: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Daga Tudun Wadan Zariya muke magana. Ni ne Auwal, ga Anti Binta ma'aikaciyar jinya, ga kuma Baba Garba da ya yi ritaya bayan ya daɗe yana aikin lafiya a ƙauyukan Giwa da Soba. Baba, barka da yamma.

Baba Garba: Barka kadai, ɗana. Ya mutanen gida?

Auwal: Lafiya ƙalau, suna gaishe ku. Anti, sannu da aiki.

Anti Binta: Yawwa ƙanena, sannunmu dai.

Auwal: To, bari in fara da abin da nake ji a majalisa. Ana cewa hawan jini ciwon alhazan birni ne, masu tumbi, waɗanda kaya suka maƙale musu a Legas suna ta tunani. Manomin da ke wuni da fartanya a Yakawada ko Hunkuyi, me ya haɗa shi da hawan jini?

Baba Garba: Wanda ya faɗi haka bai taɓa ɗaura wa manomi abin awo a dantse ba. Na sha auna dattijo ramamme, jijiyoyi raɗa-raɗa a hannu, da ƙafa ya tako daga gona, sai in ga 180 bisa 110. In tambaye shi me ke damunsa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, jikarsa ya rako rigakafi.

Auwal: Ko ciwon kai ba ya ji?

Baba Garba: Ko kaɗan. Mutanenmu sun ɗauka sai an ji ciwon kai ko jiri ko bugun ƙirji. Yawancin masu shi ba sa jin komai, shekara da shekaru. Kuma ba duk ciwon kai ne hawan jini ba, wani zazzaɓin cizon sauro ne, wani rana ce kawai ta dake shi.

Auwal: Anti, waɗannan lambobi biyu da kuke faɗa, me suke nufi?

Anti Binta: Ta sama ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ka san injin ban ruwa da 'yan fadama ke amfani da shi? In ka bar shi yana tura ruwa da ƙarfi fiye da kima, ko tiyon ya fashe ko injin ya gaji. In jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ta gaji, sai ƙafa ta kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Ƙoda da ido su ma suna lalacewa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a 140 bisa 90, amma sai an auna a ranaku biyu daban-daban an samu haka kafin a ce mutum yana da shi.

Auwal: Ke nan awo ɗaya a kemis bai isa ba.

Anti Binta: Bai isa a yanke hukunci ba, amma ya isa ya sa mutum ya koma a sake aunawa. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2021 sun ce mutum biliyan 1 da miliyan 280 'yan shekara 30 zuwa 79 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan 46 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Kashi biyu cikin uku suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu.

Auwal: To Baba, in ba ƙiba, in ba kwantena a Legas, daga ina yake zuwar wa manomi?

Baba Garba: Shekaru na farko, jijiya tana ƙara tauri da tsufa. Sai gado. Sai kuma tukunya. Ka shiga kicin ɗin ƙauye ka ƙirga dunƙule nawa ake jefawa a miyar kuka guda ɗaya, bayan an riga an zuba gishiri, an kuma sa farin magi. Da muna yara daddawa ce ke ɗaukar miya. Yanzu da nama ya yi tsada, dunƙule ne ya zama naman miya.

Anti Binta: Kuma abin da aka ce babba ya ci a wuni bai kai giram 5 na gishiri ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule da burodi da yajin taliyar leda. Mutane suna ce mini sun daina cin gishiri, in na bincika sai in tarar sun ninka magi. Shi ma ɗin yawancinsa gishiri ne.

Baba Garba: Kada ki manta da kanwa, Binta.

Anti Binta: Ai ku zan bar wa wannan, Baba, ku kuka ga zamanin.

Baba Garba: To. Mutanen Zariya da yawa ba su san garinsu ya shiga littattafan likitanci na duniya a kan wannan ba. A shekarun 1970, lokacin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Tudun Wada, kafin a koma Shika, Farfesa Parry da Dakta Davidson sun lura mata masu jego suna yawan zuwa da gazawar zuciya, jiki a kumbure, numfashi da kyar. Da suka bi diddigi sai suka danganta abin da kunun kanwa da ake ɗirka wa mai jego, da wankan ruwan zafi safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Ita kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ke tayar da jini a cikin gishiri. Wasu daga cikin matan da aka ci gaba da bibiya an same su da hawan jini daga baya.

Auwal: Baba, yau kun taɓo iyayenmu mata. Gwaggona in ta ji an zagi kunun kanwa sai ta kashe wayar.

Baba Garba: Ban zage shi ba, ni ma da shi aka yi jegona. Kuma ciwon zuciyar masu jego yana da wasu dalilai bayan kanwa. Abin da nake cewa, matar da jininta ya hau lokacin ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ba ita ce za a zauna ana ba ta kwanon kunun kanwa kullum har arba'in ba. A auna ta bayan haihuwa, a kuma ci gaba da auna ta, don irinsu sun fi saurin kamuwa da hawan jini in shekaru sun ja.

Auwal: Mu dawo kan ƙiba. Ni dai ban cika ganin masu teɓa a ƙauye ba.

Anti Binta: Yaushe rabonka da ƙauye? Je ka Makarfi ko Giwa ranar kasuwa ka duba dillalan hatsi da masu shaguna da 'yan acaɓa. Aikin da ke ƙona abinci ne ya ragu. Babur ya karɓe tafiyar ƙafa, injin niƙa ya karɓe turmi da dutsen niƙa, maganin feshi ya rage noman hannu. Shi kuwa abinci ya koma taliya da mai, burodi da shayi mai madara da suga cokali huɗu, ga lemon kwalba a kowane biki. Mata sun fi shiga ciki, musamman wadda ke cikin gida ba fita, haihuwa kan haihuwa, nauyin wannan cikin bai sauka ba wani ya shigo.

Baba Garba: Kuma mu a wurinmu ƙiba yabo ce. In amarya ta yi kumatu sai a ce mijinta ya iya kiwo. In ta rame sai dangi su fara bincike.

Anti Binta: Shi ya kawo sha-ka-fashe. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi, wallahi. Yawanci akwai deksametason a ciki, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman, a ƙayyadadden lokaci. Yarinya ta yi ta shansa wata da watanni, fuska ta kumbura ta ɗauka kyau ne. Alhali illar maganin ce, jini na hawa, suga na hawa, ƙashi na yin rauni. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali, don yankewa farat ɗaya ma haɗari ne.

Auwal: To wanda ba shi da sikeli, ya zai gane ya wuce gona da iri?

Anti Binta: A asibiti muna haɗa nauyi da tsawo mu fitar da lamba, 25 an fara wuce kima, 30 ƙiba ce sosai. Amma a gida igiya ta isa. Ka auna tsawonka da ita, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka daidai cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbin ya yi yawa. Kitsen ciki ya fi na cinya da mazaunai haɗari, shi ne ke tafiya tare da hawan jini da ciwon suga.

Auwal: Ni fa ba zan gwada a gaban mutane ba.

Baba Garba: Mun riga mun gani, ba sai ka gwada ba. Akwai wani abu da manoma ke yi da nake so su ji. Mutum ya dawo daga gona jiki na ciwo, ya aika yaro kemis ko wajen mai tallan magani a faranti, a haɗo masa diklofenak da ibuprofen da wani abin da shi mai sayarwar ma bai san sunansa ba. Kullum, duk damina. Waɗannan magunguna suna ɗaga jini, suna kuma cin ƙoda. Ga taba, ga ta shaƙa a hanci.

Auwal: Zoɓo fa? Ana cewa yana saukar da jini.

Anti Binta: An yi gwaje-gwaje da suka nuna yana ɗan saukarwa. Amma ɗan kaɗan ne, kuma ba zoɓon leda da aka cika wa suga ba. Mai 180 bisa 110 ba zoɓo ko tafarnuwa ne zai riƙe shi ba. Magunguna irin amlodipine suna nan, ƙwaya ɗaya a rana. Matsalarmu ita ce a sha wata ɗaya, a ji garau, a ajiye. Maganin yana danne jinin ne muddin ana sha, ana dainawa yake komawa inda yake. In amlodipine ya kumbura maka idon sawu, ko lisinopril, wani maganin hawan jinin, ya sa ka busasshen tari, ka koma a canja maka wani. Mai ciki kuma ko mai neman ciki ta faɗa wa likita, don lisinopril bai dace da ita ba.

Baba Garba: Kuɗin maganin ma matsala ne ga manomi, ba zan ɓoye ba, musamman tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa. Amma na ga gidan da aka sayar da shanun huɗa saboda wankin ƙoda. Kuma in mutum ya faɗi, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sai a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, a yi kwana uku ana hayaƙi. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibitin Shika ko asibitin Gambo Sawaba. Awannin farko su ne ake iya ceto wani abu a cikinsu.

Auwal: Ina mutumin ƙauye zai je a auna shi?

Anti Binta: Asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko kemis mai na'ura. Duk babba ya riƙa aunawa ko da sau ɗaya a shekara, mai shekara 40 zuwa sama ko mai gado ya fi haka. Ya zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur, ba surutu. Kuma kada ya ci goro ko ya sha taba ko kofi minti 30 kafin awon. Ya sa a rubuta masa lambar a takarda ya adana.

Auwal: To ni yanzu na gama tauna goro.

Anti Binta: Na gani. Na'urar tana cikin jakata, za mu jira ka rabin awa.

Auwal: Masu sauraro, mako mai zuwa ciwon suga za mu ɗauka. Baba, Anti, mun gode. Sai mun sake haɗuwa.

Baba Garba: Allah ya kai mu.