Ranar farko a ajin yoga: kafin ka cire takalmi

To jama'a, ka yi rajistar ajin yoga, wato motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, gobe za ka fara, kana ta zullumi wai ai ni ko yatsun ƙafata ba na iya taɓowa in na sunkuya. Kwantar da hankalinka, ba wanda zai tambaye ka wannan. Abin da ya fi ba sababbi kunya ranar farko cikinsu ne da wayarsu.

Cikin dai kar ka cika shi ka taho, bar kamar awa 2 zuwa 3 bayan abinci mai nauyi, don za a sa ka murɗa jiki ka lanƙwashe, wani lokacin kai a ƙasa ƙugu a sama, a nan ne abincin zai tuna maka yana nan. Ruwa kuma tun da wuri ake kurɓa kaɗan-kaɗan, ba sai a bakin ƙofa ka kwankwaɗe gora guda ba.

Sannan ka duba wane aji ka shiga, don ba duka ne ɗaya ba. Hatha a hankali ake yin shi, shi ya fi dacewa da ɗan koyo. Vinyasa kuwa daga wannan motsi sai wancan, ana bin numfashi, kafin ka ankara gumi ya jiƙa ka. Akwai kuma Bikram, ɗakin ana ɗumama shi kusan digiri 40 na Celsius, ajin minti 90 ne, motsi iri 26, gaskiya ni ba zan ce sabon shiga ya fara da shi ba.

Kaya masu miƙewa za ka sa, amma rigar kar ta cika faɗi, kana duƙawa sai ta zubo ta rufe maka fuska. Safa a cire, santsi take yi a kan tabarma. Turare mai ƙarfi ma a haƙura da shi, mutane ne a ɗaki ɗaya kowa na jan numfashi mai zurfi ta hanci.

Ka iso kamar minti 15 kafin lokaci, ka samu malami ko malama ka faɗa musu in kana da ciwon baya ko gwiwa ko hawan jini, ko an yi maka tiyata kwanan nan, ke kuma in kina da juna biyu ki faɗa, akwai motsin da za a canza miki. In ba ka son a taɓa ka wajen gyara maka tsayuwa, nan ma ka faɗa, ba laifi ba ne. Tabarmar wani kuwa ba a taka ta, zagayawa ake yi, a kanta yake ɗora goshinsa fa. Waya a kashe ta gaba ɗaya, ko jijjigar nan a cikin shiru kowa na ji.

In ka gaji kar ka yi ta maza. Durƙusa, ka zauna kan dugaduganka, goshi a ƙasa, ka huta, sunan wannan balasana. Zafi mai suka a gaɓa kuma alamar ka dakata ne. In an ce namaste, wato gaisuwar Indiyawa, ko aka rera om, wani sauti mai tsarki a addinin Hindu, ba dole ne ka yi ba, shirunka ya isa.

Sai na ƙarshe, shavasana, wato kwanciyar gawa da harshen Sanskrit na Indiya inda yogar ta samo asali. Kowa ya kwanta rigingine, ido a rufe, minti 5 zuwa 10, ɗaki tsit, sai ka ji wani yana naɗe tabarma yana neman makullinsa ƙwar-ƙwar, haba! In dole ne ka fita da wuri, gaya wa malamin tun farko, ka shimfiɗa kusa da ƙofa, ka sulale kafin a kwanta.

An tashi, in tabarmar aro ce ka goge ta, ka mayar inda ka ɗauko, hirar kuma a bari sai an fita waje.