Amsoshin Tambayoyinku: Yadda aka bi salsalar gidan Washington har Ingila

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko yau daga Zariya ta fito. Mai tambayar yana cewa: "Na ji an ce kakannin George Washington, shugaban Amurka na farko, mutanen Ingila ne. Bayan shekaru aru-aru, ta yaya aka tabbatar da haka?"

To malam, takarda ce ta yi aikin. A 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya umarci kowace coci ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Littattafan farko da yawa ɓera da danshi sun gama da su, shi ya sa a ƙarshen ƙarnin aka ce a kwafe su a kan fata.

Cikin kakannin gidan akwai Lawrence Washington, attajirin gashin tumaki, wanda ya mallaki babbar gonar Sulgrave a yankin Northampton a 1539. Cikin zuriyarsa akwai wani Lawrence ɗin, limamin cocin Purleigh, wanda 'yan majalisa suka tsige a 1643, lokacin yaƙin basasa, don yana bayan sarki. Ɗansa John ne ya tsallaka teku zuwa Virginia ta Amurka wajen 1657, kuma shi ne kakan mahaifin George.

Amma fa an sha wuya kafin a kai nan. Gidan ya cika maimaita suna, ko'ina ka juya Lawrence ne ko John, har masu binciken farko suka kama John ɗin da ba shi ba. Sai a 1889 wani Ba'amurke, Henry Waters, ya warware ƙullin ta hanyar takardun wasiyya. Ni a ganina wasiyya ta fi littafin coci daraja, domin mai barin gado sai ya faɗi wane ɗansa ne, wance ƙanwarsa ce.

Akwai kuma tarkon kalanda. Kafin 1752, ranar 25 ga Maris shekara ke kamawa a Ingila da ƙasashen da take mulka. George da kansa an rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu 1731, amma da aka sauya kalanda aka mayar da farkon shekara 1 ga Janairu, aka kuma tsallake kwana 11, sai ta koma 22 ga Fabrairu 1732. Mai binciken da bai san wannan ba, sai ya ɗauka mutum biyu ne.

Da fatan malam ya gamsu. Sai wasiƙa ta gaba.